Ranin da Gwaggo Ke Yi a Sito

Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un. Gwaggona ta rasu ranar wata Talata da hantsi a wani asibiti a nan Kuala Lumpur, aka kai ta makwancinta bayan azahar. Kafin la'asar falonmu na unguwar Sentul ya cika da mata, har wasu sun shimfiɗa tabarma a bakin ƙofar lif. Ban san muna da yawa haka a garin nan ba. Matan ɗalibai, matan malamai, har da wata Ba'indiya da Gwaggo ke sayen yadi a shagonta a unguwar Masjid India, wadda ban taɓa ganin sun rabu ba tare da faɗan ciniki ba.

Kowace ta shigo sai ta kama hannuna ta ce Allah Ya jiƙanta Ya ba mu haƙuri, daga nan ta ɗauko zancen shuka, kamar sun haɗa baki a hanya.

"Wallahi ɗaɗɗoyar da ta ba ni tana nan, very healthy, har na raba wa neighbour ɗina," in ji wata matar ɗalibi.

Wata ta share ido ta ce, "Ni lalle ta ba ni ina sabuwar zuwa. Lokacin kullum kuka nake, ba na makan, wato cin abinci, ba na fita. Ta ce in kaɗaici ya ishe ni in zauna in yi masa tsegumin mijina, ba zai kai ƙara ba."

Aka yi dariya cikin hawaye. Ni kuwa ina ta amin, amin. Duk wadda Gwaggo ta ba shuka a garin nan ta riƙe amana. Ni kaɗai, ni da ta raina da hannunta, na ci tawa. Ƙofar baranda a kulle take, na ja labule na rufe, domin a bayanta akwai bokitan fenti guda bakwai da suka fara tashin wari, kuma ni na jawo.

Maƙwabciyarmu, wata dattijuwar Bamalaya da muke ce wa Makcik, ta zauna a lungu tana kuka ba sauti. Ba ta jin Hausa, Gwaggo ba ta jin yarensu, amma shekara huɗu suna hira ta kan katangar baranda da hannu da ka. Da za ta tafi ta nuna labulen ta ce, "Bunga?" wato ina fulawoyin. Na yi kamar ban ji ba.

Ina rubuta wannan ne saboda nan da wata biyu za mu bar ƙasar nan. Aikin koyarwar maigidana ya ƙare, za mu koma gida mu bar Gwaggo kwance a cikin mutanen da ba su san ko wace ce ba. Tsoro nake ji. Ba ta bar ɗa ba, ba ta bar gida ba, abin da ta bari guda ɗaya ne, shi ma saura ƙiris in gama da shi.

Yayar mahaifina ce. Ita ta ɗauke ni ina 'yar shekara biyar bayan rasuwar mahaifiyata, ta tafi da ni gidanta a Jos. Allah bai ba ta haihuwa ba, kuma ba ta ƙaunar a tausaya mata. In wata ta fara ayya, sai ta nuna ni, ta nuna lambunta, ta ce, "Waɗannan ma sun ishe ni ciwon kai." Mijinta, da nake ce wa Baba, aikin lambu ya yi wa wani Bature mai haƙar kuza tun yana saurayi, kuma daga can ya zo da albasar wata fulawa. In ka gan ta sai ka rantse ta miya ce, amma ba a cin ta. Binne ta ake yi a bar wuyanta a waje, ta zauna shekara da shekaru tana 'ya'ya a gindinta. In ruwan farko ya sauka sai ta jefo kara guda a tsaye, ta buɗe jajayen furanni huɗu, kowanne na kallon nasa ɓangaren kamar lasifikar masallaci. Jikin katangar gidanmu duk ita ce.

Bayan rasuwar Baba magada suka sayar da gidan, za a yi shaguna. Ranar da leburori suka fara rushe katanga, Gwaggo ta shiga tsakaninsu da 'yar fartanyarta, suna ce mata Hajiya ki matsa, tana ce musu su matsa su. Guda bakwai ta samu ta tone. Sauran suna nan a ƙarƙashin siminti.

Da na haifi 'yata ta fari, aka yi mata takardu ta zo yi min wankan jego. Wata uku ta zo yi, ta yi shekara huɗu. Ranar da ta sauka tana kwance jaka, bayan kuka da daddawa da kuɓewa busasshiya, sai ga wani ƙunshi a cikin tsohuwar rigar Baba. Maigidana ya leƙa ya ce, "Haba Gwaggo, ai akwai albasa a Malaysia."

"Taka ce ke akwai, Malam," in ji ta. "Tawa babu."

Cikin wata shida barandarmu ta bene na goma sha huɗu ta koma daji. Lalle a tsohuwar robar wanki, zogale a bokitin da gindinsa ya fashe, ɗaɗɗoya, na'a-na'a, da wani yasmin da Makcik ta miƙo mata ta kan katanga. Duk gwangwanin madarar da ya ƙare nata ne. Duk amaryar da aka kawo garin nan, kafin ta san hanyar kedai, wato kanti, Gwaggo ta aika mata da reshe a gwangwani, kuma in kun haɗu a wajen suna ba lafiyarki za ta fara tambaya ba, lafiyar reshen za ta tambaya. Abin da ba ta taɓa bayarwa ba shi ne albasar nan. Waɗannan, in ji ta, baƙi ne, da ita za su koma.

Ƙasar ce ba ta taɓa kwanta mata ba. Takan tsaya a baranda tana kallon ruwan yamma yana zuba a kan layin jirgi ta ce, "Wannan wace irin ƙasa ce, ba rani ba damina, kullum ruwa kamar an yi mata baki? Ta yaya mutum zai san ya tsufa?" Shekarar farko albasar tata, da ta binne a bokitan fenti guda bakwai, ganye kawai ta yi, kore shar, fure ko ɗaya babu. Gwaggo ta yi kwana da kwanaki tana zagaya bokitan tana tsaki. Daga nan ta gano abin da ke damun su: ba su huta ba. Sai ta ƙudura cewa tunda ƙasar ba ta da rani, ita za ta yi musu.

Ga yadda take yi. In kaka ta gabato a gida, sai ta sa in kira mata ƙanena da ke Jos. "Tambaye shi, ruwa ya ɗauke?" Ranar da ya ce ya ɗauke, ranar take janye bokitan daga bakin ruwa, ta daina ba su ko ɗigo. In ganyen ya yi rawaya ta yanke, ta kinkime su ɗaya bayan ɗaya zuwa sito, ta jera su a bayan akwatuna, ta ja ƙofa. Ba ta yarda a taya ta. Wata biyar suna cikin duhu. In bazara ta kama sai ta fara damun yaron nan duk Juma'a: an yi ruwa? Ranar da ya ce an yi, ta fito da su ta ba su rabin kofi. Kafin wata ya zagayo barandarmu ta yi ja, Makcik tana ɗaukar hoto, Gwaggo tana zaune a kan kujerar roba tana hura hanci kamar ita ta ƙera su.

Kada ku ɗauka na san duk wannan a lokacin. Daga baya na harhaɗa shi, daga bakin ƙanena da maigidana da hannun Makcik. Ni dai na san ana kai bokitai sito ana fito da su. Na ɗauka don iska kada ta kakkarya su ne, na kuma ɗauka tana shiga tana ba su ruwa in ba na nan. Ta faɗa min, na tabbata ta faɗa min, ba sau ɗaya ba ba sau biyu ba. Ina riƙe da waya ina cewa to Gwaggo, to Gwaggo, kunnena yana wani waje. Ni ce ma mai yi mata tsiya, in ce Baba ya tafi ya bar mata aiki ba albashi.

Sau ɗaya muka yi faɗa na gaske kafin na ƙarshe. Ina neman wajen shanya, na ture robar lalle da ƙafa, babban reshe ya karye. Kwana biyu ba ta ce min 'yar nan ba, sai matar Malam. Ta ɗauki reshen ta soke a gwangwani. Bayan sati uku ta dire min gwangwanin a gabana, ya yi sababbin ganye. "Ungo," ta ce. "Abin da kika karya ne. Shi ya yafe miki. Ni ina dubawa tukuna." Da yamma ta daka min lalle ta ƙunsa min a ƙafa da kanta, tana mitar cewa dugadugaina sun yi kaushi kamar na mai dakan hatsi.

A farkon shekarar nan ƙafafunta suka kumbura, numfashi ya fara yi mata wuya. Likita ya ce zuciya ce, aka ba ta gado. Sanyin na'urar asibitin ya dame ta, na shiga sito neman bargo, sai na ga bokitan. Ƙasar cikinsu ta bushe ta tsattsage, wuyan albasar ya yi ƙayau. Na durƙusa a wajen na fashe da kuka. Na ce a raina, ashe tun tuni jikin ya ƙi, ta kasa ba su ruwa, girman kai ya hana ta ta ce in taya ta, ni kuma ban lura ba. Na kwashe su gaba ɗaya na kai baranda, na sa kowanne a cikin kwano don ruwan ya tsaya su sha su ƙoshi. Safe da yamma ina zuba musu, ruwan sama yana ƙarawa. Wani tunani ya shiga kaina ya zauna daram: in suka yi ganye, Gwaggo za ta tashi. Likitoci ba su bar min abin da zan yi mata ba, sai na zuba duk ƙarfina a kan bokitan nan.

Ranar Litinin da yamma na kai mata kunun gyaɗa. Ta ɗan ji sauƙi, har ta sha rabi ta ce sukari ya yi yawa. Can ta ce, "Kin dai ja min ƙofar sito ko? Kada yarinya ta shiga ta yi min ɓarna."

Na gyara zama ina murmushi, don na daɗe ina jiran wannan tambayar. "Gwaggo, ki kwantar da hankalinki. Na fito da su. Safe da yamma nake ba su ruwa, ko fashi ban taɓa yi ba."

Ta ajiye cokali. Ta dube ni. "Kwana nawa?"

"Sha tara."

Ta rufe ido. "Barci fa suke yi. Shekara talatin ina yi miki magana, 'yar nan."

Da ma na yi shiru. Amma a gajiye nake, na yi sati uku ina zirga-zirga tsakanin gida da asibiti da makarantar yarinya, kuma yabo na zo karɓa. Sai na ji bakina yana cewa, "Ni dai komai na yi ban iya ba. Ina nan ina can, ko barci ba na samu. Albasa ce fa, Gwaggo!"

"Albasa ce fa," ta maimaita a hankali. Ta juya ta fuskanci bango.

Ma'aikaciyar jinya ta leƙo ta ce lokaci ya yi. Na tashi na fita. Na dawo gida cikin fushi, ko barandar ban leƙa ba. Washegari na ajiye yarinya a makaranta, na hau jirgin ƙasa ina shirya yadda zan ce ta yafe ni ba tare da na zubar da girmana ba. Na tarar an ja mata zane har ka. Kalmar ƙarshe da ta ji daga bakina ita ce "albasa ce fa", kuma har in mutu ba zan iya canja ta ba.

Bayan sadakar uku, da ƙafa ta ɗauke, Makcik ta shigo ba ta nemi izinin kowa ba, ta yaye labulen ta buɗe ƙofar. Warin ya bugo mu. Ba ta dube ni ba. Ta shimfiɗa jarida, ta kife bokitin farko. Albasar ta narke, yatsa yana shigewa kamar a ruɓaɓɓen tumatir. Na biyu haka. Na uku haka. Ina tsaye ina ƙirgawa ina salati. Da aka zo na bakwai na riga na zauna a ƙasa. Uwar ta ruɓe ita ma, amma a gefenta akwai wata 'yar ƙarama kamar lemon tsami. Makcik ta danna ta da babban yatsa, daidai yadda Gwaggo ke yi, ta ɗago ta dube ni. Da tauri.

Ta karɓi wuƙa ta raba ta da uwar, ta fere inda ya fara baƙi. Sai ta shiga waige-waige, ta nuna kaskon turaren wutar Gwaggo da ke kan taga. Akwai sauran toka a ciki, ta turaren ƙarshe da ta kunna. Makcik ta shafe ciwon da ita. Kwana biyu muka bar ta a inuwa ta sha iska, sannan na naɗe ta a rigar Baba, Makcik ta raka ni har sito. Ta ɗaga min yatsa ta ce, "No water, lah. Tidur." Ta ɗora kuncinta a tafin hannu ta lumshe ido, wato barci. Matar da ba ta san kalmar Hausa ko ɗaya ba ta haddace karatun Gwaggo ta kan katanga, ni da na tashi a ɗakinta ban riƙe komai ba.

Sati goma sha ɗaya na yi ina jira, kuma ban taɓa yin aiki mai wuya kamar wannan zaman ba. Sau nawa nakan tsinci kaina a ƙofar sito, hannuna a kan mariƙi, ina cewa bari in duba kawai, wataƙila ta bushe, wataƙila ɗigo ɗaya ba zai yi komai ba. Sai in koma kicin in wanke kwanon da na riga na wanke. Na rame. Matan da ke zuwa gaishe ni suna cewa in yi tawakkali, ba su san ina jinyar wani abu a bayan akwatuna ba.

Maigidana ya gaji da ganina haka, wata rana ya ce, "Ki kawo albasar nan mu dasa a kan kabarin. Mutanen nan suna shuka a kan nasu. At least in mun tafi za a gane wajen."

Ban san lokacin da na ɗaga masa murya ba. "A cikin ruwan nan? In kashe ta sau biyu?"

Ranar Juma'a ya ɗauki lallen nan da na karya ya yafe min, wanda yanzu ya kai ƙugu, ya tafi da shi maƙabarta ya dasa a wajen kanta. Shi lalle ba ruwansa da ruwa, ko ina ka sa shi zai zauna. Ban je ba, mu mata ba ma zuwa maƙabarta. A waya ya nuna min, na ga jar ƙasa da ɗan kore a tsaye, da dogayen benaye a baya.

Na koma kan ƙanena. Da farko duk Juma'a, daga baya kullum. Har ya ce, "Yaya, wai ke ma kin zama Gwaggo ne? Ba a yi ba. Hadari ne yake haɗuwa ya watse." Na ce ya rantse. Ya rantse.

Ranar wata Laraba ina yanka alayyafo ya kira da kansa. "Yaya, an yi. Jiya da la'asar, mai yawa. Har yanzu ƙasa ƙamshi take."

Na ɗauko ƙunshin na kwance rigar. Albasar ta ƙanƙance, fatarta ta yi yaushi. Na danna da babban yatsa, ban iya tantance ko tauri na ji ko son zuciyata ba. Na haɗa ƙasa da yashi da gawayi yadda Makcik ta nuna min, na binne ta na bar wuya a waje, na ba ta rabin kofi, na ajiye ta inda ruwan sama ba ya kaiwa. Kwana ɗaya, biyu, biyar, tara, shiru. Na daina cin abincin kirki. A sujada ina jin kunyar abin da nake roƙa, amma ina roƙa.

Rana ta goma sha biyu, bayan na dawo daga kai yarinya makaranta, na leƙa. A tsakiyar wuyan akwai wani ɗan kore da bai wuce farce ba. Na tashi a guje, na bi ta falo, na banka ƙofar ɗakinta ina cewa, "Gwaggo! Gwaggo, ta fito!" Gadon yana nan a gyare, carbinta a kan matashi, takalmanta a jere inda na ajiye su. Na tsaya riƙe da ƙofa har muryata ta gama mutuwa a ɗakin.

Ganye ne, ba fure ba. Makcik ta duba ta nuna min yatsu uku: sai ta yi shekara uku kafin ta yi ja, in ta yi rai. Zan tafi da ita gida, in nema mata gindin katanga a Jos inda rani ke zuwa da kansa ba sai an yi shi a sito ba. Ban sani ba ko za ta kai. Ban sani ba ko Gwaggo ta gama dubawa kafin ta cika.

Ya Allah, baiwarka ce, baƙuwa a ƙasar nan, ba ta da kowa a kusa sai Kai. Ka yalwata mata makwanci, Ka sanyaya shi, Ka haɗa ta da Baba a lambun da ba a rushe katangarsa. Wanda duk ya karanta wannan, in akwai reshen Gwaggo a barandarsa, ya yi mata addu'a, ya kuma saka ni.

Yau da safe na sake tsintar kaina a gaban bokitin, kofi cike a hannuna. Ganyen ya kai tsawon yatsa. Na tsoma ɗan yatsana a ƙasar, na ji da sauran danshi. Na daɗe a tsaye. Sannan na kai kofin bakina na shanye.